Kundin aikin ƙamus: katin korkeus

6 ga Oktoba, 2024, Vaasa

Ƙaramin ƙamus na Finlanci da Hausa da muke haɗawa saboda sababbin zuwa ya iso harafin K. Tsarin yana nan yadda muka faro shi: kowace kalma kati guda, ma'anarta da Hausa, sai jimla biyu ko uku irin waɗanda mutum zai ji a wurin aiki, ko asibiti, ko ofishin gidan haya. Da wannan muka ratso daga A zuwa J ba gardama. Kalmomin K a harshen nan ba su ƙirguwa, amma wadda ta tsayar da aikin ita ce korkeus.

Tushenta korkea ne, abin da ya yi sama. A yanke wasalin ƙarshe a liƙa -us, ta zama suna. 'Yan'uwanta ma haka: pitkä ta haifi pituus, leveä ta haifi leveys, syvä ta haifi syvyys. Da ta shiga jimla kuma sai ta sake riga, kamar yadda kalmomin Finlanci suka saba: korkeuden, korkeutta, korkeudella. Wanda ya haddace korkeus kaɗai zai ga korkeuden a takarda ya wuce ta, bai san 'yar gida ɗaya ba ce. Dole siffofin nan su hau katin.

Ƙullin yana wajen Hausar. Mu tsawo ɗaya gare mu: tsawon igiya, tsawon bango, tsawon mutum, har tsawon rai. Su sun raba, abin da ya miƙe pituus, abin da ya tashi daga ƙasa korkeus. Wani a cikinmu ya ce a ba korkeus "tsayi", a bar wa pituus "tsawo". A takarda abin ya yi kyau, amma a bakin mutane kalmomin biyu musaya suke yi. Bakano zai ce tsayin titi, ba wanda zai gyara masa. Na ajiye katin gefe.

13 ga Oktoba

Na kai shi wa 'yar'uwarmu ta Damagaram da ke aikin jinya a nan, ita ce mai duba mana kalmomin asibiti. Tana ganin jimlar gwajin da wani ɗalibi ya kawo, wadda ke tambayar tsawon yaro da korkeus, sai ta fashe da dariya. "Malam, ai wannan an mai da yaron gini." Mutum a Finlanci pitkä ne, ko da yana tsaye ƙiƙam. A neuvola, asibitin awon ciki da awon yara, abin da ake fara rubutawa a katin yaro kowane zuwa shi ne pituus da paino, tsawo da nauyi. Likitan yara Arvo Ylppö ne ya jagoranci kafa ta farko a Helsinki a 1922, a 1944 doka ta ɗora ta a kan ƙananan hukumomi, kuma yau da wuya ka samu uwar da ba ta bi ta can ba. Matanmu za su haɗu da pituus tun kafin su san akwai korkeus.

Korkea tana shiga asibiti ta wata ƙofa: korkea kuume, zazzaɓi mai zafi, da korkea verenpaine, wanda ya zo daidai da namu hawan jini.

Da na bi sauran misalai sai na ga ƙa'idar "kwance da tsaye" tana yoyo a wurare da dama. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar nan daji ne, kuma masu aikin daji tsawon bishiya pituus suke ce masa. Korkeus a wajensu wuri ne a jikin bishiyar: rinnankorkeus, daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, inda ake auna kaurinta. Dusar ƙanƙara, ko ta taru ta kai ƙugu, zurfinta ake faɗa, lumen syvyys. Dabba kuma tana da nata, säkäkorkeus, daga ƙasa zuwa tudun kafaɗa, kuma da shi ake raba dokin Finlan: wanda bai wuce santimita 148 ba, a ƙananan dawaki ake yi masa rajista.

27 ga Oktoba

Wani ƙaninmu ya ga tallar kabad na hannu a allon sanarwar gidan da yake haya. Ba hoto, lambobi ne kawai: L 180, S 40, K 80. Ya ɗauki L da Turancinsa, ya juya ta zuwa "tsawo" da Hausarsa, ya ƙudura cewa doguwar ma'ajiyar kaya ce mai kaiwa kansa. Ya biya kuɗi. Abin da aka nuna masa a ɗakin ajiya na ƙasa gajeren kabad ne iya ƙugu, mai faɗin da ya ci rabin bangon ɗakinsa. A tallar kaya a nan L leveys ne, faɗi. S syvyys ne, daga gaba zuwa bango. K ita ce korkeus. Haruffan nan uku sun samu layi nasu a katin.

Masu aikin gini cikin 'yan'uwa suka ba ni kalmomi biyu da ake ruɗawa. Huonekorkeus daga daɓe zuwa silin ne, kuma ƙa'idar gini ta ce ɗakin zama kada ya gaza mita 2.5, a ƙananan gidaje masu zaman kansu 2.4. Kerroskorkeus daga daɓen hawa ɗaya zuwa daɓen na samansa ne, a gidajen bene mafi ƙaranci mita 3. Abin da ke tsakani, kankaren da ya raba hawa biyu da abin da aka binne a cikinsa ne ke cinyewa.

Direbobi kuma alikulkukorkeus suke so a saka, sararin da ke ƙarƙashin gada. Alamar zagayayya ce, baki ja, ciki ruwan ɗorawa don kada ta ɓace a farin ƙanƙara, lamba a tsakiya. Tun watan Oktoba na 2013 babbar mota a Finlan tana iya kai mita 4.4, a da 4.2 ne, kuma a lokaci guda aka ɗaga nauyi zuwa tan 76. Gadojin da aka gina kafin nan ba su ƙara tsawo ba don an sauya doka, shi ya sa direba ba ya wasa da alamar.

Wani abu ya fara fitowa. Duk inda korkeus ta bayyana, akwai wurin da ake fara awo, kuma ba a faɗar sa: daɓe, kwalta, gindin bishiya, kofaton doki. Na ja layi a katin na buɗe sabon shafi mai suna "daga ina?"

10 ga Nuwamba

Maƙwabcina tsohon safiyo ne, ya yi ritaya. Irin dattijan nan ne da za ku shekara kuna haɗuwa a matakala ba ku wuce gyaɗa kai ba. Da na nuna masa shafin "daga ina?" sai ya ɗauko hularsa ya ce mu je. Bayan 'yar tafiya ya tsaya gaban wani falalen dutse, ya share ganye da ƙafa. Kan wani ƙarfe ne ya leƙo, zagayayye, ya yi tsatsa, an dasa shi cikin dutsen. Ya ce sunansa korkeuskiintopiste. An san tsawonsa daga teku har zuwa milimita, kuma duk gini da magudanar ruwa da ke kewayen, daga irinsa aka ɗauko lissafinsu.

A taswira za ka ga mpy bayan lamba, gajarcen merenpinnan yläpuolella, sama da fuskar teku. Tambayar da ya jefo mini ita ce: wane teku, kuma na wace shekara?

Sau uku Finlan ta auna kanta daga kudu zuwa arewa. Aikin ƙafa ne: mutum biyu riƙe da sanduna masu zane, ɗaya a tsakiya yana leƙa na'ura, a karanta, a rubuta, a matsa gaba 'yan mitoci, haka a bi layin dogo da tituna shekara da shekaru. Awon farko, daga 1892 zuwa 1910, shi ya ba da tsarin NN, sifilinsa daga ma'aunin ruwa na Katajanokka a Helsinki. Na biyu ya faro a 1935, ya ba da N43 na wucin gadi, daga baya N60, wanda sifilinsa matsakaicin ruwan tekun Helsinki ne a farkon 1960. Na uku, daga 1978 zuwa 2006, ya ba da N2000, wanda aka ɗaura da sifilin Amstadam da ƙasashen Turai da dama ke amfani da shi, babbar alamarsa kuma tana Metsähovi a Kirkkonummi. Hukumar safiyo ta ƙasa, Maanmittauslaitos, da shi take buga taswirorinta.

Sunayen suna ɗauke da shekara ne saboda ƙasar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Dutse guda, ƙarfe guda, amma lambarsa a N2000 ta fi ta N60 da santimita 13 zuwa 43, gwargwadon yankin da yake. Mu nan gaɓar yamma muna can wajen ƙarshen sama. Birnin Helsinki ya riƙe tsohon NN har 2012, ranar da ya koma N2000 kowace lamba a takardunsa ta ƙaru da santimita 30.5.

Wannan ba zancen masana kaɗai ba ne. Dattijon ya ce idan aka miƙo maka zanen gini da lamba mai alamar ƙari a gabanta, abu na farko ka duba kusurwar takardar ka ga wane tsari aka rubuta. A haɗa tsohon zane da sabo ba a lura ba, sai a shimfiɗa bututun da ake so ruwa ya hau tudu a cikinsa. Wannan gargaɗin zai shiga katin kusan yadda ya faɗe shi, don 'yan'uwanmu na wurin gini su ne masu riƙe da tef.

24 ga Nuwamba

Na je tsohuwar Vaasa don in ga abin da idona. Sarkin Suwidin ya kafa garin a 1606 a bakin ruwa, da tashar jiragensa. Yau kangon tsohon cocin yana tsaye cikin ciyawa da itatuwa, teku ba ya ko kusa. Tun kafin gobarar 1852 da ta cinye garin, jirage sun daina iya ƙarasowa. Da aka tashi sake gini sai aka matsa kusan kilomita 7, aka bi ruwan inda ya koma. Garin Pori ma a 1558 aka kafa shi saboda hanyar ruwa zuwa Ulvila, da ke sama da shi a kogin, ta daina ɗaukar jirage.

Dalilin ƙanƙara ne. A zamanin sanyi na ƙarshe, ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku ta zauna a kan wannan yanki, ta danne ɓawon ƙasa. Ta narke wajen shekara 10,000 da suka wuce, ƙasar kuma har yanzu tana dawowa, kamar katifar soso da ƙato ya tashi daga kanta. Sunan abin maankohoaminen. A mashigin Merenkurkku da ke gabanmu ƙasa tana tashi milimita 8 zuwa 9 a shekara, a Helsinki bai kai rabin haka ba. Mutanen da, ciki har da Anders Celsius mai ma'aunin zafi, wanda ya yi rubutu a kan batun a 1743, sun ɗauka ruwan ne ke ƙafewa. Suka dinga sassaƙa alama a duwatsun gaɓa don na baya su gwada.

Daga can na haye gadar Raippaluoto, mita 1,045, an buɗe ta a 1997, na shiga tsibiran da UNESCO ta saka cikin wuraren gadon duniya a 2006 saboda wannan tashin ƙasar. An haɗa su da gaɓar Suwidin da ke tsallake, wadda ake kira Korkearannikko da Finlanci, ga korkea nan a gaban sunan. A wani ƙauyen masunta na ga jajayen rumfunan jirage, wasunsu ƙofarsu a buɗe take ga fadama da kara, ruwan ya janye ya bar su.

Abin da ya fi burge ni shari'arsa. Ƙasar da ta fito daga ruwa tana da suna, vesijättö, abin da ruwa ya bari. Ba ta zama ta mai gidan da ke bakin gaɓa haka kawai ba, ta mai ruwan ce, wanda galibi gamayyar masu filayen ƙauye ne. Mutum zai gaji gida a bakin teku ya tarar da wani zirin fili tsakaninsa da ruwan wanda ba nasa ba, sai ya nemi safiyo ya biya ya fanshe shi. Kalmar ta V ce, na rubuta mata kati tun yanzu.

1 ga Disamba

Duk ɗalibin da ke shirin jarrabawa a kan ƙasar nan zai haɗu da tambayar wuri mafi tsawo a Finlan. Amsar Halti ce, mita 1,324, can Enontekiö a kan iyakar Nowe. Amma a lura da kalmar da suke amfani da ita: korkein kohta, wuri mafi bisa, ba ƙololuwa ba. Iyakar ta ratsa ta gangaren dutsen ne. Ƙololuwar da ke kusa, mita 1,331, tana cikin Nowe, taku kaɗan daga alamar iyaka. Dutsen da kansa yake cikin Finlan ɗungurungum shi ne Ridnitšohkka, mita 1,317.

Gab da cikar Finlan shekara 100 da 'yanci a 2017, wasu mutanen Nowe suka yi gangami a matsar da iyakar a ba maƙwabta ƙololuwar kyauta. Firaminista Erna Solberg ta ba da amsa a watan Oktoba na 2016 cewa tsarin mulkin Nowe bai yarda a yanki ƙasar a bayar ba. Kyautar mita bakwai ta sha ruwa.

Wanda ya taso a Jos, sama da mita 1,200, ya rayu ne dab da rufin Finlan bai sani ba. Kano ma, da mitocinta ɗari huɗu da wani abu, ta fi yawancin ƙasar nan bisa.

21 ga Disamba

Yau ce rana mafi gajarta, haske bai kai awa biyar ba. Da tsakar rana na tsaya a bakin ruwa, ranar tana can kudu ta ɗan leƙo saman bishiyoyi, inuwata ta miƙe ta haye titi. Auringon korkeus, tashin rana daga inda sama ta haɗu da ƙasa, ba da mita ake auna shi ba, da digiri ne. A Vaasa yau digiri uku da rabi ne a ƙololuwarta, shi ya sa inuwar mutum ke ninka tsawonsa kusan sau 16. A Helsinki digiri shida da 'yan kai.

Na yi lissafin gida don kwatance. Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma yau, ranar da rana ta fi yin ƙasa a can, tana kai digiri 54 da ɗoriya. A Helsinki, a tsakiyar watan Yuni, iyakarta 53. Ranar hunturun Kano ta fi ranar bazarar Helsinki tashi.

Wannan ma'anar ta shafe mu fiye da yadda ta shafi masu harshen, don da ita ake fitar da lokutan salla. Jadawali da yawa suna sa alfijir lokacin da rana take digiri 18 ƙarƙashin ƙasa, isha ma kusa da haka. To a watan Yuni rana a Helsinki ba ta nutsewa fiye da digiri shida da 'yan kai, a Vaasa uku da rabi. Shafaƙi ba ya ɓacewa, sai dai ya zarce ya zama alfijir. Daga nan ne malamai suka rabu, wasu su bi gari mafi kusa da dare ke cika, wasu su raba daren kashi-kashi, wasu su bi Makka. Katin ƙamus ba wurin fatawa ba ne. Zan sa kalmar da ma'anarta don wanda ya buɗe shafin hasashen yanayi ya gane abin da yake gani, sauran ya tambayi limaminsa.

A hasashen yanayin ne na tsinci wata ma'ana da ban ga irinta a Hausa ba. Mai karanta labarai zai ce dusar ƙanƙara za ta sauka Oulun korkeudella. Ba tudun Oulu yake nufi ba, garin a bakin teku yake, shimfiɗe. Yana nufin duk wuraren da suka yi arewa daidai da Oulu. Taswirar da ke rataye a bango ce a ransu, arewa a sama.

5 ga Janairu, 2025

Mun yi zaman duba kati a gidan wani dattijonmu, haifaffen zangon Kumasi, wanda ya fi mu duka daɗewa a ƙasar nan. Ana cikin shan shayi ya ce, "Malam, ka bar babbar ma'ana. Yaya suke ce wa Mai Martaba?" Na ce, "Baba, sai ka faɗa mana." Ya ce da wannan kalmar dai. Hänen kuninkaallinen korkeutensa, haka jaridu ke rubutawa idan 'yar sarkin Suwidin mai jiran gado ta zo ziyara. A gaban mai sarautar kuma a ce Teidän korkeutenne.

Abin dariyar shi ne ba su da wanda za su faɗa wa a gida. A ranar 9 ga Oktoba, 1918, majalisa ta zaɓi wani basaraken Jamus, Friedrich Karl na Hessen, ya zama sarkin Finlan. Jamus ta sha kashi a yaƙi wata guda bayan nan, a Disamba ya ce ya haƙura, bai taɓa hawa gadon ba. A Yulin 1919 ƙasar ta zama jamhuriya. Mutanen da ke kiran malamin jami'a da sunan yanka ba su yi asarar komai ba. Ra'ayina a saka wannan ma'ana a ƙarshe, layi ɗaya, don ba wanda za a kora daga aiki saboda bai san ta ba. Baba bai ji daɗi ba, amma ya yarda.

Wani ɗan'uwa Kirista ya ƙara da korkeuksissa, jam'in kalmar, "can cikin sammai", wadda ya sha ji a coci makon Kirsimeti. Ita ma layi ɗaya.

Waɗanda suka fi amfani su ne 'ya'yan korkea da ke ofis: korkein oikeus, Kotun Ƙoli; korkeakoulu, makarantar gaba da sakandare; ammattikorkeakoulu, babbar makarantar koyon sana'a, wadda yawancin ɗalibanmu ke ciki, kowa AMK yake ce mata; korkeapaine, hawan nauyin iska, a hasashen yanayi. Duk za su tashi daga wannan katin su koma nasu.

26 ga Janairu

Kalmomin teku, a taƙaice, don muna da masu aiki a tashar jirage da kan jirgin da ke zuwa Uumaja, garin Suwidin da ke tsallake.

Vedenkorkeus, tashin ruwa. Tekun Baltik kusan ba shi da cika da janyewa na kullum irin na manyan tekuna. Iska da nauyin iska ne ke tura ruwan daga wannan lungu zuwa wancan. Hukumar yanayi, Ilmatieteen laitos, tana da ma'aunai a gaɓa, mafi tsufa na Hanko tun 1887. Ranar 9 ga Janairu, 2005, ruwa ya haura matsakaicinsa da santimita 151 a Helsinki, ya malalo kasuwar bakin ruwa ta Kauppatori, a Hamina ya kai 197. A nan ma "daga ina?" ta yi aiki: sifilin da ake gwadawa da shi a kowace tasha ana sabunta lissafinsa shekara-shekara, tunda ƙasar da aka kafa ma'aunin a kanta tana tashi.

Aallonkorkeus, tsawon igiyar ruwa, daga kwarinta zuwa ƙololuwarta. Lambar da ake sanarwa ba ta igiya mafi girma ba ce, matsakaicin manyan ne, kashi ɗaya cikin uku na sama. Ɗaya tilo tana iya kusan ninka ta. A Disambar 2004 an auna mita 8.2 a arewacin tekun, babbar cikinsu ta kai wajen 14. Wanda zai hau ƙaramin jirgi ya san wannan.

9 ga Fabrairu

Yaran da ke makaranta a nan su suka cike mini ragowar. Na ba su katin su soke shi, kuma ba su ji kunya ba.

A lissafi, girman filin alwatika kanta kertaa korkeus jaettuna kahdella ne, gindi sau tsawo a raba biyu. Wata 'yar aji takwas ta ce, "Kawu, ka rubuta cewa ba dole ya tsaya ba." Gaskiyarta. Korkeus a alwatika layi ne da ya sauko daga kusurwa ya faɗa wa gindi a miƙe, kuma kowane gefe yana iya zama gindi. Juya littafin, abin da yake korkeus ya kwanta, sunansa bai canza ba.

A filin wasa sun yanke kalmomin. Korkeushyppy, tsallen sama, korkeus kawai suke ce masa, tsallen nesa kuma pituus. Yaro zai ce yau yana da korkeus, yana nufin atisaye. Suna da tarihi a nan: Kalevi Kotkas ya ci gasar Turai ta farko a 1934 da mita 2.00, Ella Junnila ta haye 1.96 a gasar Turai ta cikin ɗaki a 2021 ta samu tagulla.

Ta kiɗa ce na fi jinkiri a kanta. Sävelkorkeus, tashi da saukar sauti. Korkea ääni siririyar murya ce, ba mai ƙarfi ba. Mai ƙarfi kova ääni ce. Idan likita ko malami ya ce muryar yaro korkea ce, ba cewa ya yi yana ihu ba. Bayanin wannan bai ba ni wahala ba, don mu da shi muke magana: baba mahaifi, baba 'yar'uwar uba, baba na rini, harufa ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Finlanci ba ya raba kalma da karin sauti, nauyin kullum a gaɓar farko yake. Da tsawon sauti yake rabawa: tuli wuta, tuuli iska, tulli kwastan. Kunnen Bahaushe ya saba da dogon wasali da baƙi mai ƙarfi tun yana goye, kuma na sha ganin namu sun kama wannan kafin abokan ajinsu. Zan sa shi a gabatarwar ƙamus ɗin.

23 ga Fabrairu

An tsayar da magana. Korkeus ba za ta samu kalmar Hausa ɗaya ba. Kan katin zai ce: "tsawo daga ƙasa zuwa sama, ba a faɗar ta ga mutum, duba pituus." Ƙarƙashinsa an jera ta bisa wurin da mutum zai gamu da ita, kowanne da inda ake fara awonsa: kanti da tallar kaya, wurin gini, titi, taswira, teku, sama, makaranta, sai sarauta da coci a ƙarshe. Ta ci kati huɗu a maimakon ɗaya. Mai shirya mana shafuka ya yi ƙorafi, na ce ya rage girman rubutu a sashen taswira.

Shafin "daga ina?" zai bi leveys da syvyys idan mun isa gare su, kuma sai an koma an gyara katin etäisyys, nisa, da shi.

Saura 'yan gidan da ke gaba a jeri. Korkeintaan, "iyaka", tana kan takardar magani da alamar ajiye mota, ba ta da rikici. Korottaa da korotus suna zuwa da daɗi da ɗaci, palkankorotus ƙarin albashi, vuokrankorotus ƙarin kuɗin haya. Korko ce za ta ja zama: ita ce dundunniyar takalmi mai tsini, ita ce kuma kuɗin ruwa na banki, kuma duk wanda zai sa hannu a takardar bashi ko sayen waya biya-sannu zai gan ta. Na tura wa ɗan'uwanmu mai karatun akanta jerin jimlolin, mun sa zama bayan sallar azumi.